Hularka Ta Samu Kasuwa a Istanbul

Yaya Bahago,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da kowa a Kusfa? Ni lafiya lau, karatu na tafiya. Sanyi ne dai, amma ana jurewa.

Inna ta ce wai za ka bar ɗinkin hula ka koma acaɓa. Kada ka kuskura! Ranar Juma'a na sa wadda ka ɗinka mini, mutane suka tare ni a ƙofar masallaci suna shafa zaren. Wani dattijo mai shago ya nace har na cire na ba shi. Yana son wasu kafin azumi.

Yanzu kaina a buɗe yake, amma bakina ya ƙi rufuwa don murna. Allah Ya sa albarka. Ɗauki allurarka, Yaya, ta farko tawa ce!

Ƙaninka,
Suhail