Turmi na Huɗu Namu Ne

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Mijina, Baban Zahida, ya karɓi wasan boksin. Sai da ya gama cin abinci ya wanke hannu sannan ya faɗa mini, idonsa na kan kwano. Ranar ashirin da shida ga wata, turmi shida, da wani yaro ɗan unguwar Agoè mai suna Kossi. Ya ba yaron nan shekara goma sha uku.

Na tuna masa ɗinkin da aka yi masa a gira bara, da ciwon kan da yake ɓoye mini in ya dawo daga aiki a tashar jirgin ruwa. Sai ya ce, "Raliya, in na faɗi wannan, na ajiye boksin har abada. Allah ne shaida."

Ban taɓa jin ya rantse a kan dambe ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na roƙi Allah ya sa ya faɗi, amma kada a ji masa ciwo. Ban san ko ana irin wannan addu'ar ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Yau bayan la'asar ya zaunar da ni a tabarma, ya jingina waya da tukunya, ya kunna wani tsohon wasa. Wai tsorona daga rashin sani ne, tunda duk aurenmu ban taɓa kallon dambe ido buɗe ba. In na san abin da ake dubawa, zan ga yawancin naushin a safar hannu yake ƙarewa.

Ga yadda ya koya mini. Alƙalai uku ne, kowa na zaune a gefensa, ba mai leƙa takardar wani. Wanda ya ci turmi a ba shi maki goma, ɗayan tara. In an kai mutum ƙasa, takwas. Kowane turmi shari'arsa daban, ba a ɗauko haushin na baya a ɗora wa na gaba.

Na ce ai mai jan wandon nan shi ya ci, tunda shi ke kora. Ya yi dariya har Zahida ta bar wasanta ta zo kallo. Ya mayar da hoton baya a hankali, sai ga shi mai korar nan iska yake duka, ɗayan kuwa yana ja da baya yana sa masa a haɓa. Ya ce kora ba ci ba ce, sai in ta haifi naushi mai tsabta.

Ya kama hannuna ya dunƙule mini shi, ya ɗora a kuncinsa don in ga inda ake kira mai tsabta. Ya daɗe bai saki ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

A shago yau ba a bar ni na auna atamfa cikin natsuwa ba. Duk 'yan kasuwar Adawlato sun zama masana. Mai zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya kawo ni ya ce Mato, Baban Zahida ke nan, zai gama da yaron tun turmi na biyu, bai san matar Maton ya ɗauko ba. Assana ta shagon kusa ta ce ƙaninta ya ga Kossi yana atisaye a bakin teku, ba mutum ba ne, inji ne. Wani dattijo ya ce "kisa" za a yi, sai daga baya ya bayyana mini cewa a damben gida kayarwa ake nufi.

Na lura kowa wanda yake so yake ba nasara, ya kira shi hasashe.

Talata, 22 ga Oktoba

Na kai wa Baba Kimba koko da ƙosai. Shi ya koya wa Baban Zahida dambe tun yana yaro, ya kuma yi alƙalanci har idonsa ya fara rauni. Na tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah.

Ya kurɓi kokon. Ya ce shi ba ya duban ƙwanji, ƙafa yake duba da numfashi. Turmin farko uku na Mato ne, don ya fi yaron wayo nesa ba kusa ba. Na ƙarshe biyu na Kossi ne, don ƙuruciya ba ta gajiya. "Na huɗu kuwa, 'yata, yana hannun alƙalai. Su ma mutane ne. Ihun jama'a na shiga kunnensu, kuma abin da suka gani a ƙarshen turmi shi suke tunawa."

Na ce to wa zai ci? Ya ce in da ya sani da bai ji tsoro ba. Ashe shi ma.

Juma'a, 25 ga Oktoba

An yi awo, nauyinsa daidai. Ya ci abinci kamar wanda ya dawo daga tafiya. Ya ce in ba na so kada in je gobe. Zan je.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ya faɗi. Lafiyarsa ƙalau, sai kumburi a ƙarƙashin ido. Gobe na rubuta sauran.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na zauna kusa da Baba Kimba, ni ce idonsa. Ban rufe fuska ba ko sau ɗaya.

Ukun farko kamar yadda ya faɗa. Ban taɓa sanin mijina ya iya abu haka ba. Yaron na zuwa da ƙarfi, shi kuwa sai ya ɗan kauce kamar mai ba babba hanya, ya sa masa hagu. Wannan mutumin da ke tuntuɓe da bokiti a tsakar gida!

A na huɗu Kossi ya matse shi a igiya yana ta ruwan naushi, 'yan Agoè suka tashi tsaye. Amma ni na gani, safa da gwiwar hannu yake duka. Baban Zahida ya sa masa masu tsabta tun farkon turmin, har kan yaron ya koma baya. Na biyar na Kossi ne, ban musa ba. A na shida gwiwar Baban Zahida ta taɓa ƙasa. Alƙalin tsakiya na ƙirga, ni da na roƙi ya faɗi, sai na ji muryata tana cewa tashi. Ya tashi, ya kai ƙararrawa a tsaye.

Alƙali ɗaya ya ba shi hamsin da bakwai da hamsin da shida. Biyu suka ba Kossi haka. Turmi na huɗu ne ya raba.

Yaron ya zo ya rusuna ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Wannan ya burge ni, duk da haushi.

A gida ina gasa masa ido da ruwan ɗumi, na ce an cuce shi. Ya ce ba a cuce shi ba, daga inda biyun suke zaune bayan Kossi suke gani, ba su ga inda naushin ke sauka ba. Na ce to su canja kujera. Ya yi dariya, idon ya yi masa zafi, ya riƙe hannuna.

"Maman Zahida, ba abin da kike so ke nan ba?"

Na ce ya yi shiru, ruwan na hucewa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ya cika alkawari. Ya ba wani matashi safarsa, ya ce daga yanzu zai riƙa taya Baba Kimba koyarwa ranar Lahadi. Barcinsa ya yi nauyi, fuskarsa ta sake. Alhamdulillahi, abin da na roƙa na samu.

Amma na yi ta sake kallon turmi na huɗun nan a wayar Assana, har ta gaji ta karɓe abarta. Namu ne.

Da na je karɓo kwano wurin Baba Kimba, magana ta kawo magana, na tambaye shi ko mata na zama a kujerar alƙalai. Ya ce suna zama mana, kuma ya ji za a yi horon sababbi bayan sabuwar shekara. Ya juyo da fuskarsa wajena yana murmushi, na ɗauki kwanona na fito.

Tambaya kawai na yi. Ranar Asabar ake horon, kuma Asabar Assana na iya duba mini shago.