Wa Ke Riƙe Maka Igiya?

Assalamu alaikum ƙanena Sanusi,

Ya jikinka, ya aiki, ya zaman Alƙahira? Mu nan Karofi lafiya lau, Inna da yara suna gaishe ka, wake ma ya yi kyau bana.

Bidiyon da ka turo na ramin jirgin ƙasa da kuke haƙawa a ƙarƙashin gari ya iso. Na daɗe ina shakkar nuna wa Baba, don tun da ka bar masa haƙar rijiya ka tafi, bai ƙara ambaton sunanka ba. Ranar Juma'a dai na miƙa masa wayar. Sau uku ya kalla. Bai kula da injunan ba, bangon ramin yake ta dubawa. Can ya ce, "Ƙasar nan mai ruwa ce. Suna zura fitila su gwada iska kafin mutum ya sauka?" Na ce ka ce inji ke hura muku iska. Sai ya ce, "To wa ke riƙe masa igiya a sama?"

Ka kira shi ka amsa da bakinka.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaishe da abokan aikinka, musamman wanda ke sama in kana ciki.

Yayarka,
Hadiza