Ƙugiyar da Ta Ɓace

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni ina nan lafiya.

Kin san ni ke buga takardar sujada a majami'armu ta nan, ina kuma kwana a ɗakin da ke bayanta. To, na'urarsu ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba. Ran Lahadi na rubuta "Allah Ɗa", ta fitar da "Allah Da". Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Wato a da ne yake Allah, yanzu an sauke shi?"

Muhawarar da ta tara malaman Kirista a ƙarni na huɗu kan ko Ɗan daidai yake da Uban, ƙanenki ya tashe ta da yatsa ɗaya. Mafi muni, wani tela da ya daɗe yana cewa Ɗan bai kai Uban ba ya rungume ni a gaban fasto, ya ce, "Na samu ɗan'uwa."

Jibi dattawa za su zauna a kaina. In suka kore ni, ɗakin ya tafi, kuma ban san kowa a garin nan ba. Kada ki gaya wa Baba, shi da ya koya mini Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki Allah ɗaya ne. Ki yi mini addu'a.

Da hannu na rubuto wannan. Na bi ƙugiyoyin sau uku, amma ki sake dubawa.

Ƙanenki,
Auta