Hanjin Yaya Gwadabe

Jos Jarawa, 5 ga Maris, 2007

Dokta Rwang,

Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya. Asibitinmu ɗaya, amma tun da ka dawo daga Japan ganinka sai manya, shi ya sa na rubuto.

Na ji ka leƙa hanjin yayana Gwadabe da na'urarka mai ƙara girman abu, ka ce akwai ƙari kuma ya yi zurfi, sai an yanke hanjin. Ɗan naman da ka tsinko ni na duba shi da madubin ɗakin gwaji, ban ga ciwon daji ba. Shekarata goma sha biyu a wannan aiki. Kai wata tara ka yi can, a gurbin karatun da na riga ka nema, har idonka ya fi madubina? Ka cire ƙarin kawai ka sallame shi.

Ka huta lafiya.
Musaddiq

Daɗin Kowa, 7 ga Maris

Musaddiq, abokina,

Ina gaisuwa. Madubinka bai yi ƙarya ba, daga gefe na tsinko naman. Da na fesa shuɗin ruwan rini a hanjin na duba, lafiyayyen wuri ƙananan ramuka ne zagayayyu a jere. Na gefen ƙarin dogaye ne. Tsakiyarsa kuwa sun goge sarai, babu tsari. Irin wannan yawanci ya ratsa ƙasa, kankare sama ba ya isa.

Maganar Japan mu yi ta wata rana. Yanzu ta Yaya ake yi.

Naka,
Rwang

10 ga Maris

Dokta Rwang,

Gaisuwa. Na je shagon ɗinkin Yaya a kasuwar Terminus in hana shi. Bai ko tsayar da keken ba, ya ce, "Ku kuke rigima, amma hanjin nawa ne." Ya yarda a yi aikin. Har a gidanmu maganarka ta fi tawa. Abin da aka yanko a kawo mini, kada a ba kowa.

Musaddiq

26 ga Maris

Rwang,

Barka da aiki. Daji ne, kuma ya ratsa ƙasa sosai. Amma bakin yankan fes yake, an cire shi duka. Yaya ya fara shan kunu.

Sau uku na sake yanka naman ina neman abin da zan ƙaryata ka da shi. A na ukun na gane abin da nake fata a kan ɗan'uwana: a ce an yanke masa hanji a banza. Allah ya yafe mini.

Na gode.
Musaddiq