Kwamfutar Nafi'u da jiƙaƙƙen buhunka

Zuwa ga mai shagon gyaran kwamfuta a Ƙanƙara, wanda ya rubuta wa kansa "Injiniya" a allo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce matar da ta kawo maka kwamfutar wasa daga Daudawa a bazarar bana. Na kira ka har na gaji, shi ya sa zan yi maganar a gaban jama'a.

Kwamfutar ta ƙanena Nafi'u ce. Tun da ya yi hatsarin babur ƙafafunsa suka daina aiki, abokansa suka ɗauke ƙafa. Da muka haɗa masa ita da sola, sai ɗakinsa ya cika kullum bayan la'asar, ana buga ƙwallo a kwamfutar ana ihu. A nan na sake jin dariyarsa.

Na farko, abu ɗaya na nema: ka sa mata sabon katin hoto don wasan ya daina sarƙewa. Ka sa kati mai cin wuta, ka bar mata tsohon akwatin wutarta. Fanka biyu da ke ciki ka cire ɗaya, wai tana tsare wa katin wuri. Da na tambaya, ka yi mini kallon 'yar ƙauye, ka zuba mini Turancin da ko kai ba ka san kansa ba.

Na biyu, ka bi duk ƙofofin shan iskarta ka liƙe da salatif, wai kada ƙaiƙayin masara ya shiga tunda a gari na manoma muke. Ranka ya daɗe, ko mai kiwon kaji ya san ba a toshe akurki a bazara.

Na uku, kwana biyu da dawo da ita ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa ana tsakiyar wasa. Nafi'u ya kira ka. Shawarar da iliminka ya ba ka ita ce a jiƙa buhun algarara a lulluɓe ta, yadda muke yi wa jarkar ruwan sha. Ya yarda, don yana ganin girman allonka. Da hannunsa ya jiƙa buhun. Ruwa ya ɗiga ciki, ta yi ƙara, ta yi hayaƙi. Wani mai gyara a Faskari ya buɗe ta, ya daɗe yana salati, ya ce katin da babban allon da ke haɗa kayan cikinta duk sun ƙone.

Wallahi ban taɓa raina sana'ar mutum kamar yadda na raina taka ba. Kuma ba kayan ne suka fi ƙona mini rai ba. Ɗakin ya koma shiru, Nafi'u kuwa ya ɗora wa kansa laifin. Yana cewa shi ne bai matse buhun sosai ba, ya ɓata abin da yayarsa ta sha wahalar saya. Abinci ma sai na matsa masa.

Buƙatuna biyu ne. Ka maye gurbin kayan da ka ƙona, wani ya ɗaura su, kai kada ka taɓa. Sannan ka hau mota ka zo Daudawa, ka tsaya a gabansa ka ce masa laifin naka ne. Ni na faɗa ya fi sau goma, bai yarda ba. Har yau kai yake ɗauka masani, bakinka kaɗai zai ji.

Allah ya shirye ka, ya ba ka ilimin da kake da'awa, ya tsare kayan mutane kafin ka samu.

Wassalam.

Rabi, yayar Nafi'u,
Daudawa.