Gurbin Sunan Uwa

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Wani Bakatsine ya zo gidan kiwonmu sayen jajayen awaki. Ya nuna guda ya ce, "Malam Idirisa, ina fedigirinta?" Na zaci allura ce, na ce an yi mata tun da damina. Ya yi ta dariya. Na ji kunya ƙwarai.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ɗiyata Khaulat ta dawo daga karatu a lakwal, na sa ta duba ƙamus. Kalmar Ingilishi ce, wai asalin da aka rubuta, na mutum ko na dabba: uwa, uba, kakanni. Ashe aikin da nake yi ke nan shekara goma sha shida ban san sunansa ba. Akuya mai lamba 214, na san kakanninta har bakwai.
Sai yarinyar ta ce, "Baba, mu ina namu?"
Na ce ta je ta ci abinci.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Ban taɓa gaya mata ba. Shekarar yunwa, ina ɗan shekara uku, wata mata ta miƙa ni ga Gwaggo Tsahara a tashar Maradi, wai za ta je ta dawo. Gwaggo ta san sunanta da garinsu, ta ce duk ranar da na tambaya za ta faɗa. Tsoro ya hana ni. Kuma shekara arba'in ban ce mata Inna ba ko sau ɗaya, ina ajiye sunan ga mai shi.

Lahadi, 13 ga Oktoba
An bugo daga Jiratawa, jikin Gwaggo ya yi tsanani. Awaki biyar na gab da haihuwa. Na ce sai Alhamis.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Na je. Ta rame har na tsorata. Na daure na tambaye ta sunan matar nan ta tasha. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, ka ci abinci?" Na maimaita. Ta ce, "Wace mace? Ai ni na goye ka."
Mantuwa ce ko da gangan, ban sani ba. Haushi ya kama ni, na fito ko sallamar kirki ban yi mata ba. Allah Ya yafe mini.

Asabar, 19 ga Oktoba
An kai Gwaggo makwancinta da hantsi. Ban samu gafara daga bakinta ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Khaulat ta ja layuka a bayan littafinta, irin na rajistar awakina. Ta sa sunanta, na uwarta, nawa. Ta tsaya a gurbin da ke sama da ni.
Na karɓi bik ɗin da take rubutu da shi, na cike gurbin. Don kada wurin ya zauna fili ne kawai.
Ta karanta, ta ɗago. "Baba, ka yi kuskure. Ka sa Inna Tsahara. Ba Gwaggo ba ce?"
Ta miƙo mini abin gogewa. Na ce a bar shi haka.