Hodar da Na Tankaɗe

Talata, bayan sallar isha'i

Har yanzu ina jiyo tarin Inna daga ɗakinta, kuma ni na jawo mata.

Man shafawar da nake haɗawa tsinkewa yake yi da zafin nan, shi ya sa na sayo hodar silika a Kano don ya yi kauri. Mai shagon ya ce, "Hajiya, a fata ba ta komai, amma kada ki shaƙa. Ki rufe hanci." Na ce to, alhali hankalina yana kan motar Bici.

Yau da na buɗe ledar na ga ta ɗan dunƙule, sai kawai na ɗauko rariya kamar garin tuwo ne. Girgizawa biyu na yi, ta tashi kamar hayaƙi ta cika ɗakin. Inna na gefe tana ɓarar gyaɗa, ga ta da ciwon ƙirji tun bara.

Man ya yi kyau, ba maiƙo. Ko kallonsa ba na son yi.

Da na kai mata ruwan ɗumi, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, ke ba ki shaƙa da yawa ba ko?"